Ƙarfen da Ya Dawo Gwangwani

Duk telan da ke layinmu, in ka duba gefen kekensa za ka ga wani ɗan matashi kamar dunƙulen hannu, allurai sun tsaya a kansa cirko-cirko. Aikin Gwaggo Mai Matashi ne. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, haka dai muka taso muka ji ana kiranta. Ni tun ina koyon ɗinki na san ta, ga shi yau furfura ta fara leƙo ni.

Ba ta ɗauko matashi kawai ta miƙa maka. Sai ta titsiye ka da tambaya: kekenka na rawa? Teburin na da santsi? Ni kuwa kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Ke fizgar allura kike yi. Naki sai da nauyi, in ba haka ba kullum yana ƙasa." Na ji haushi, amma ba ta yi ƙarya ba.

Cikin matashin ne sana'arta, ɗinkin waje kowa ya iya. Yashi sai ta tankaɗe, ta wanke, ta shanya har ya bushe ƙayau, don in da ɗan laima allura za ta yi tsatsa. Garin katako takan karɓo wurin kafinta ta sansana, in itacen mai danƙo ne ta mayar masa da abinsa. A sama ta shimfiɗa gashin tumaki, wai maiƙonsa ke sa allura ta riƙa sulɓi. Soson katifa kuwa, ko sunansa ba ta son ji. Shinkafa ma ba ta sakawa. "Matashi nake yi," in ji ta, "ba girki wa ɓeraye ba." Can ƙasa sai abin nauyi: falalen dutse ko tsohon noti daga garejin makanike, ta wanke baƙin man, ta naɗe shi da ƙyalle don kada bakin allura ya ci karo da shi. Duk suna cikin wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta.

Da wannan ta rayu bayan rasuwar mijinta, da shi ta reni 'ya'ya. Manyan suka watse, ya rage Auta, shi da matarsa suna zaune da ita. Da idonta ya soma dushewa ta daina zagayen shaguna, Auta ya karɓi kai kaya. Kullum da safe kafin ya fita zai leƙa ɗakinta. "Inna, akwai na kaiwa?" Ta miƙo masa, ta lissafa masa masu shi.

Nawa matashin ya tsufa, ya fashe. Na je har gida na kai mata wani guntun ƙarfe da ya karye daga ƙafar keken mahaifiyata, mai giɓi a gefe ɗaya. Na ce shi nake so ta saka mini, don ina son abin marigayiya ya zauna kusa da hannuna. Ta shafa shi, ta jinjina, ta ce, "Wannan kam ko ke ba ki isa ki kayar da shi ba."

Shiru, shiru, matashi bai zo ba. Da na tare Auta a hanya sai ya ce, "Ai Inna ta bar aikin nan, ido ya ƙi. Kada ki tayar mata da zancen, yana sa ta kuka." Na yarda. Don me ba zan yarda ba? Yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Na sayi na kanti, mai soso a ciki, wanda ko atishawa ka yi sai ya gangara. Na kuma ɗauke ƙafa daga gidan don kada in fama mata ciwo.

Sai bayan watanni na je gaishe ta. Na same ta a kan tabarma, faranti a gaba, tana tankaɗe yashi.

"Gwaggo, ashe kina taɓa aiki?"

"Da me zan yi? Zauna, 'yar nan. Ya matashinki?"

 Ta bar ni na gama kame-kame, sannan ta jawo gwangwanin, ta zura hannu ba lalube, ta ɗora mini wani abu a tafi. Ƙarfen mahaifiyata ne.

"Na saka miki shi, na ɗinke, na ba Auta," ta ce. "Ya dawo ya ce kin gode, har kin ce ya fi na da. Bayan kwana biyu na zo ɗaukar dutse, sai yatsana ya faɗa cikin giɓin nan. Na ce ko tsufa ne, ban saka ba. Na sake yi miki wani, na ba shi. Ƙarfen ya sake dawowa."

Ashe tun da idonta ya raunana ɗinkin ya fara karkacewa, yashi na tsiyaya ta gefe. Wata rana ta manta allura a ciki ta soki wani tela, ya yi wa Auta tsiya a gaban mutane. Daga ranar bai sake kai ko ɗaya ba. Shi da matarsa sukan farke su a ɗakinsu, su juye yashin a buhunta, duwatsun a gwangwani, ta wayi gari ta sake cusawa. Yashi ɗaya take ta tankaɗa tun bara.

Raina ya ɓaci. Ina nan zaune Auta ya shigo, ya ga ƙarfen, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, don kada a yi miki dariya ne," ya ce. "Kuma in kin zauna haka kawai, tunani zai kwantar da ke."

"Da ka ce mini idona ya gaza, da na yi kukana na share," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Amma ka bar ni ina tare mutane a ƙofar gida ina tambayarsu ya matashi, suna ce mini lafiya lau don kunya. Kowa ya sani sai ni. Dariyar da ka guje mini, ai ka sa an yi ta."

Na san za a ce niyyarsa mai kyau ce. Matarsa ma ta biyo ni har titi tana faɗa mini haka. Ni dai ban ga kyawun ba. Ya mayar da uwarsa yarinyar da ake ba wa wasan ƙasa don ta bar mutane su huta, ni kuma ya raba ni da ita da ƙarya ɗaya.

Ranar ba ta bar ni na tafi ba sai da ta yi mini nawa a gabana. Ni na zura mata zare, ita ta zaɓi komai da hannunta: ƙarfen a ƙasa, yashi, garin katako, gashin tumaki. Ɗinkin ya karkace, gaskiya ne. Har yau yana ɗan zubar da yashi, kullum sai na share teburin. Amma bai taɓa faɗuwa ba. Da ta gama ta tura mini gwangwanin da buhun, ta ce in tafi da su. Daga shi ba ta sake yin wani ba.

Tana nan da ranta, a ɗakin nan, Auta na kula da ita yadda ya kamata. Ba ta zage shi ba, ba ta daina amsa gaisuwarsa ba. Sai dai shekaranjiya ina wurin ya kawo mata kofi ya ce, "Inna, ga ruwa." Ta karɓa, ta juyo wajen da take jin numfashina.

"'Yar nan, duba mini," ta ce. "Ruwa ne?"