Gwaggo da Littafi na Goma Sha Bakwai

Gwaggona ɗinkin labule take yi. Shekara talatin da wani abu tana shago ɗaya a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti, tef a wuya, allurai a baki. Wanda ya gan ta haka ba zai taɓa kawo wa ransa cewa ta haddace sunan kowane ma'aikaci na wani jirgin sararin samaniya ba.

Wani shiri ne da aka yi shekara biyar ana nunawa a talabijin, na mutanen da ke kai wasiƙu daga wannan duniyar zuwa waccan. Ita da mijinta, wanda muke kira Baba Direba saboda bas ya tuƙa har ya yi ritaya, ko kashi ɗaya bai taɓa wuce su ba. Da shirin ya ƙare, sai aka shiga fitar da littattafan labari a kan mutanen jirgin. To, a nan suka raba gari.

Baba Direba ya yi ta tara su, ya jera su a kan kantar littattafai bisa lamba. Gwaggo ma babu wanda ba ta karanta ba, amma don ta sami abin kushewa. A ganinta marubutan matsorata ne. Aron mutane aka ba su, dole su mayar da kowa yadda suka same shi.

"Malam, ka taɓa ganin wani ya mutu a ciki? Ko ya yi aure? Ko haƙorin mutum ba ya fita! Kamar a ba ni yadi ne a ce in ɗinka, amma kar in sa almakashi."

"Ni kuwa abin da nake so ke nan," in ji shi. "Na kwashi fasinja, mun sha hanya, na dawo tasha lafiya. Laifi ne?"

Mu yaran gidan mun gaji da wannan gardama har wuya. Ni ma na sha ce musu su nemi wani abin yi.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ta ce maganar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, a dai riƙa yi masa hira. Gwaggo ta sa aka ɗauko keken ɗinkinta daga shago, aka ajiye kusa da gadonsa. Kullum da yamma sai ta zaro littafi ɗaya ta karanta masa da ƙarfi, tana yi tana caccakar marubucin. Takan tsaya a tsakiyar shafi ta ce, "Ka ji shirme ko?" Sai ta jira. Shi kuwa sai ido. Na daɗe kafin in gane cewa tsokanarsa take yi ya rama, kuma ranar da na gane, tausayinta ya hana ni zama a ɗakin.

Wata huɗu aka yi a haka. Ina nan ranar da ta kai ƙarshen na goma sha bakwai, inda jirgi ya tsira kamar kullum, kowa ya koma kujerarsa. Ta rufe littafin, ta shafa bangonsa.

"Malam, na sauka," ta ce. "Kai ne da gaskiya. Da zan sami wanda zai mayar min da kowa yadda yake, wallahi ba zan kira shi matsoraci ba. Littafin nan ya yi kyau."

Bakinsa ya motsa. Na ɗauka ruwa yake so, har na miƙe.

"A'a," ya ce. Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Wannan... shirme ne. Na takwas... ya fi."

Gwaggo ta jawo guntun yadin labule ta goge fuska. Muryarta ta dawo irin ta da.

"Na takwas? Wanda kyaftin ya yi shafi goma yana kuka? Malam, ka ji tsoron Allah!"

Ta juyo gare ni. "Ke, tsayuwar me kike yi? Ɗauko min na takwas."