Mai Zuwa Karɓo Ni

'Yan doka sunka cafke min wuyan riga bakin rumfar zaɓe, don na ɗaga murya na ce ba zan jefa wa ɗan takarar manya ƙuri'a ba. Suna ja na ina waigen Ƙofar Rini, wajen mahauta, ina neman Kawu. Sai da ƙamshin tsire ya buge ni kan hanya, sannan na tuna mun rufe shi ƙarshen damina.

Unguwarmu tun da anka fara zaɓe, inda manya sunka nuna nan kowa ka bi, har shi Kawun. Amma duk sadda anka kama ni shi ka zuwa daga mahauta, rigatai na warin hayaƙi da kitse, ya durƙusa wa ɗan doka sa'an ɗanai.

"Ku ba ni ɗan banzan ga, ni ka dukanai gida."

Muna shan kwana sai ya miƙo min tsire da ɗuminai. "Ci, mai ceton talakawa."

Wannan karo ba wanda yaz zo. Daga inda sunka tsare ni na aika wa Inna, matar Kawu:

"Kada ki fito cikin takaba sabili da ni. Ban san ranar da za su sake ni ba. In kin yi salla, ki roƙi Allah shi karɓe shi yadda yake karɓo ni, ba tambayar laifi."