Baba Tom zai kwanta a ƙasa

Da safen nan ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa mai lamba 4 wayata ta yi ƙara. Kathleen ce, 'yar Baba Tom. Ta ce, "Hauwa, Daddy ya tafi da asuba, cikin barci."

Jirgin ya zo ya wuce ban shiga ba.

Waɗanda ba su san shi ba, Baba Tom tsohon Bature ne da na yi shekaru ina kula da shi a gidansa a nan Bronx. Wanka, magani, abinci, raka shi asibiti, duk ni ce. Ya haura tamanin, tsohon direban bas, ga taurin kai ga barkwanci. Makon da na fara aiki ya ga na shimfiɗa ɗankwali a kicin zan yi azahar. Washegari na tarar ya share wani lungu a falo ya sa darduma sabuwa. Gabas ɗin ya karkace, amma ban taɓa gaya masa ba, sai dai in juya ta idan ya shiga ɗaki.

Da azumi ba ya cin abinci a gabana. Sai ya ce ba ya jin yunwa, alhali ina jin ƙarar ledar biskit daga ɗakinsa.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa a gidan nan. A kan kantar falo akwai wani ɗan tulu mai ruwan toka, tokar matarsa ce a ciki, ƙone ta aka yi. Kullum da bismillah nake goge shi. Shi kuma ya sha gaya min, "Idan ban samo mutanena ba, ni ma haka za a yi min. Makabartar iyayena ta cika, ba ni da inda zan kwanta."

Na ce, "Baba, wuta fa?"

Ya ce, "Ai ba zan ji ba."

Ni ce nake ji. Wallahi tunanin nan ya sha hana ni cin abinci. Mutumin da na shafa wa mai a ƙafa, a ce a tura shi cikin wuta.

Mutanen da yake nema ɗin, kakan babansa ne, Michael. Daga Ireland ya zo, ya sauka a wani ƙaramin gari a Pennsylvania inda ake shimfiɗa layin dogo. Tarago ya matse shi a wurin aiki ya mutu. Matarsa Bridget ta kwashi yara ta taho New York, ba wanda ya sake komawa. Iyakar abin da gidan suka sani ke nan: sunan mutum da sunan gari.

Baba Tom ya bi kwamfuta har idonsa ya gaji. Tun yana da ƙafa ya sha tuƙa kansa zuwa garin, ya bi makabartar coci dutse bayan dutse yana karanta sunaye. Babu Michael. A ransa ya riga ya yanke cewa in akwai kabari, akwai dutse, don haka inda babu dutse ba ya ko tsayawa.

Bazarar bara ya ce a kai shi sau ɗaya na ƙarshe. Kathleen ta ce aiki ya yi mata yawa. Na roƙi maigidana, da yake tasi yake ja, ya ce ranar Lahadi kaɗai yake hutu. Muka naɗe keken guragu muka sa a but ɗin mota, muka kama hanya.

Garin duk ya mutu. Tasha a rufe, ciyawa ta cinye layin dogon. Amma makabartar cike take da mutane. Ashe mun faɗo ranar da Fada, limamin cocin, yake zuwa sa wa kaburbura albarka, sau ɗaya a shekara, kowane gida su zo su share nasu su ajiye fure. Baba Tom bai taɓa zuwa ranar Lahadi ba, wai ba ya son cunkoso.

To ni kun san halina. Tarbiyyar zongon Kumasi ce, ba na iya wuce babba ban gaishe shi ba. Baba Tom kullum tsiya yake min a kai, wai ko sandar lantarki na gani sai na tambaye ta ya gida ya yara. Ina tura shi ina gaisuwa, shi kuma yana gunaguni, "Hauwa, ba zaɓe muka zo ba."

Can ƙarshen makabartar, wajen katanga, muka ga wata tsohuwa a durƙushe tana tuge ciyawa. Babu dutse a gabanta, sai wani guntun ƙarfen layin dogo da aka kafa a ƙasa, duk ya yi tsatsa. Baba Tom ya ce mu juya, nan babu sunaye. Na ce bari dai in yi mata sannu.

Na gaishe ta, na ce, "Mijinki ne, Mama?"

Ta yi dariya ta nuna wani dutse a gefe. Ta ce, "Namu ga su can. Wannan ajiya ce. Uwar kakata ce ta yi wa maƙwabciyarta alkawari za ta kula mata da kabarin mijinta har ta dawo daga New York. Ba ta dawo ba. Abin ya zama mana gado, uwa ta bar wa 'ya. Abokan aikinsa ne suka kafa ƙarfen nan, ba su da halin dutse."

Na ji keken ya motsa a hannuna. Baba Tom ya ce, "Ya sunan maƙwabciyar?"

Ta ce, "Bridget. Mu dai Michael na Bridget muke ce masa."

Ta faɗi sunan gidan su Baba Tom ma, tun bai tambaya ba.

Baba Tom ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Da ƙyar ya ce mata, "Ku yi haƙuri, mun ɗan makara." Tsohuwar ta miƙa masa furen da ke hannunta ta ce ai sai ya ajiye da kansa, ita gwiwarta ta gaji da aikin gidan wasu. Maigidana ya koma mota wai zai duba taya, na san kuka ya je yi.

Fada ya ce akwai filin kabari kusa da ƙarfen. Amma Kathleen ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce wurin da nisa, wa zai riƙa zuwa? Shi kuma ya ƙi matsa mata. Haka maganar ta kwanta, ni kuma raina bai kwanta ba.

Ranar Juma'a na gan shi na ƙarshe. Na ba shi shayi a cokali. Da zan tafi ya riƙe min hannu ya ce, "Hauwa, ki ci gaba da gaida sandunan lantarki."

Da Kathleen ta kira da safe, tambayar tana bakina amma kunya ta hana ni. Ba a tare mai sabon rashi da irin wannan. Na koma gida na zauna, ko hijabi ban cire ba. Wajen azahar ta sake kira. Ta ce, "Ranar Asabar za mu kai shi Pennsylvania. Da tulun Mommy, tare za a sa su. Na yi magana da tsohuwar nan, ta ce shekara mai zuwa in zo da safar hannu, ciyawar wurin tana da ƙaya."

Alhamdulillah. Ina cikin rashi, amma rabon da in ji ƙirjina ya yi sauƙi haka har na manta.

Na san Baba Tom ba musulmi ba ne, don Allah kar a cika min comment da fatawa. Tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Ni dai shaidar da zan bayar, ya kyautata min.

Allah ya ba Kathleen haƙuri. Allah ya saka wa tsohuwar nan da iyayenta da suka riƙe amana. Mu kuma da muka baro gida muka zo nan neman abinci, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa idan mun kwanta a ƙasar nan a samu wanda zai san inda muke. Duk wanda ya karanta, ya taya ni da amin.