Tartsatsi da Lambar da Ta Shigo Wayata

Ke kin san kawunki ne da sanda, yana zaune bakin shago yana yi wa masu koyon aiki tsawa. Da kin gan shi da ƙafarsa! Ba ya zama wuri ɗaya. Da ya kama walda aka sa masa Tartsatsi, sunan ya biyo shi har gida. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, babu abin da ba ya haɗawa. Rigunansa duk huji, idon nan kullum ja wur.

Yana ɗaura tankin ruwa a saman bene ya faɗo. Baya ya taɓu. Aka kwantar da shi a ɗakin nan na kusa da kicin, ya daina magana. Yadda na ajiye abinci haka nake ɗaukewa. Har kwalaben maganinsa na kwashe na ɓoye, don shirun nan nasa bai kwanta mini ba.

Wasan waya ne ya dawo mini da shi. Wani abokin aikinsa ya sa masa. Wai gari ake ginawa a ciki, a haɗa runduna da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Layinsa ya ɓata wajen faɗuwar, sai ya buɗe wasan da lambar 'yar wayar nan tawa da kuke yi wa dariya. Rannan ina wanke-wanke na ji shi yana cewa, "Ku ja baya! Ku tsare ƙofar gabas!" Na saki kwano na leƙa. Mutumin da ko sannu ba ya amsawa! Wai shi ne shugabansu. Daga nan ya fara cin abinci, ya yarda a riƙa kai shi gashin ƙashi.

A cikin rundunar akwai wani da suke kira Kyaftin. Bakinsa kamar zuma. In suna hira sai ya ce, "Ba ni Inna mu gaisa." Ya tambayi gwiwata, ya tambayi hawan jinina. Har lambata ya karɓa, wai saboda ko ta-kwana.

Ran da abin ya faru da hantsi ne, an tafi da kawunki asibiti. Wayata ta yi ƙara.

"Inna, Kyaftin ne. Akwai matsala. Masu wasan za su rufe garin Tartsatsi yanzun nan. Na kira shi ta cikin wasan bai ɗauka ba. Kin san in ya rasa garin nan..."

Bai ƙarasa ba, ni na ƙarasa a raina.

"Saƙo zai shigo miki, akwai lambobi a ciki. Ki karanto mini in ceto masa."

Wayar ta yi ɗan kukanta a kunnena. Na ce, "Ɗan nan, ni da ko alif ban sani ba? Bari in kashe, in kai wa tela ta duba."

"Kar ki kashe! Ki tafi da ni a kunne. Yi sauri, lambar mutuwa take yi."

Na fita ko takalmi babu. Telar nan ta ƙarshen layinmu, ita ke karanta mini komai, har takardar asibiti. Na same ta tana taka keke, allura a baki.

"Lafiya, Inna? Wa ya biyo ki?"

"Karanta masa, karanta masa!"

To ita tana da wani hali da ke ba ni haushi. Ba ta buɗe baki sai ta bi saƙo da ido tun daga sama har ƙasa, kamar tana auna yadi. Ta cire allurar, ta danna, ta kama bin saƙon da ido. Shi kuma muryarsa na fitowa, "Lambobin kawai, Anti, bar sauran surutun."

Ta ce, "Malam, an rubuta a nan kada a ba kowa lambar nan, ko da ya ce daga masu wasan yake. Kuma an ce wani ne ke neman canza mabuɗin shiga. Wane ne wanin?"

"Ke ina ruwanki? Ba tsohuwar wayarta!"

Tsohuwar. Yau ba Inna.

Ta miƙo mini, na kara a kunne. Ya sauke murya, ya ce, "Inna, in ɗanki ya koma yadda yake da, ke kika jawo." Wallahi saura ƙiris in ce ta karanta. In gaskiya yake faɗa fa? Na dubi tela, ta girgiza kai. Na ce, "Mai gari zai dawo, ka tambaye shi da bakinka." Na kashe. Ya yi ta kira, na tura wayar ƙarƙashin tarin yadi, na zauna ina jin ta tana gurnani.

Da aka dawo da kawunki na tare shi tun a ƙofa. Ya zauna bakin gado yana danne-danne, ni ina tsaye ina kallon fuskarsa. Can ya sauke numfashi.

"Garin yana nan. Babu wanda ya ce zai rufe shi. Kyaftin ne ya so ya sace shi ya sayar."

Ya canza mabuɗi, ya kori Kyaftin, ya tara rundunar ya ce ko shi da kansa ya nemi lamba kada a ba shi. Sai wata murya ta fashe da kuka. Wata mai aikin jinya ce a cikinsu, ita tun da safe ta riga ta ba Kyaftin tata lambar, garinta duk ya tafi.

Kawunki ya gyara filo a bayansa, ya ce, "Share hawayenki, Sista. Buɗe sabon gari. Ku kuma kowa ya kawo katako da dutse, yau ba yaƙi, gini za mu yi."