Gurbin Kifin Baba Audi

Idan ka shiga kasuwar Adjamé ta layin masu goro ka tambayi Baba Audi Kalla, za a nuna maka wani dogon tsoho mai tura wotoro, wato amalanken dakon kaya. Shekararsa sittin da tara. Matasan kasuwa sun ɗauka tun fil'azal sana'arsa ke nan. Ba haka ba ne. Masunci ne ɗan masunci, kuma ni ne na raba shi da ruwa.

Mutumin Gaya ne, can ƙasar Nijar, a bakin kogi ya buɗi ido. Shekarar da fari ya ƙone gonaki ya janye ruwan kogin, ya hau motar albasa ya sauka Abidjan da jaka ɗaya da allurar ɗinkin koma. 'Yan uwansa Hausawa kowa ya kama abin da ya tarar ana yi, wani goro, wani tsire, wani takalma a kai. Shi kuwa ya ce ƙafarsa ba ta iya zaman rumfa ba. Ya nufi lagun, wannan babban ruwa da ya zagaye Treichville, ya kai goro wurin dattawan ƙabilar Ebrié masu ruwan, ya roƙi izini aka ba shi. Ya kama ɗaki a unguwar Arras, ya auri Inna Tsahara, wadda ke banda kifinsa a rabin ganga tana kaiwa Adjamé a gbaka, wato ƙaramar bas ta haya. Allah ya ba su 'ya'ya mata uku, duk suna ɗakin mazajensu.

Yadda yake kamun kifi ba irin na kowa ba ne. Rassan itace yake sarowa, ya ɗaura musu duwatsu, ya nutsar da su wuri ɗaya. Idan suka jima gansakuka ta kama su, kifi ya zo ya ɓuya, ya yi ƙwai, ya yi ƙiba. Wasu masunta ma suna yi, akaja suke ce masa, amma nasu rassan a tsaye suke kowa na gani. Na Baba Audi a ƙarƙashin ruwa yake, ko tsinke ba ya leƙowa. Sau biyu a shekara yake zagaye wurin da koma, ya ɗebi manyan karfasa da tarwaɗa, ya saki ƙanana. Shekara talatin yana ƙara reshe kan reshe, kuma ko Inna Tsahara ba ta san inda gurbin yake ba. Takan ce ta auri mutumin da ya fi amincewa da kifi a kan matarsa.

Ni kuwa sunana Muhyiddeen, haifaffen Adjamé, ɗan mai goro. A 2019 ina digiri na biyu a jami'a, bincikena a kan ƙananan masunta ne da yadda za a kula da gaɓar lagun. Mahaifina ne ya haɗa mu bayan sallar Juma'a a babban masallacin Treichville. Da na gaishe shi da Hausata mai ɗingishi, rabi Faransanci, ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce wa mahaifina wannan yaro Hausarsa ta sha ruwan gishiri.

Wata uku ina binsa da takardar tambayoyi. Kilo nawa kake kamawa a mako? Ya ce Allah ke awo. Kana ganin kifi ya ragu? Ya ce mutane ne suka ƙaru. Haushi ya riƙa kama ni, don babu gurbin irin waɗannan amsoshi a takardata, kuma malamina lambobi yake so. Amma na koyi riƙe filafili, na koyi kwance koma ba tare da na yaga ta ba, na daina amai a kwale-kwale. Ya daina ce mini ɗan boko ya koma cewa ɗana. Na ɗauka irin ta tsofaffi ce kawai.

Wata safiya bai bi hanyar da muka saba ba. Muka yi ta tuƙi fiye da awa ɗaya, ya yi kwana nan ya yi kwana can, har muka bar hayaniyar gari a baya. Ya tsaya a tsakiyar ruwa inda babu wata alama. Ya nuna mini wata kwakwa mai lanƙwasa a gaɓa da wani ƙarfen lantarki can nesa, ya ce idan su biyu suka hau kan juna a idonka, ka iso. Ya zura sanda cikin ruwa, na ji ta taɓa itace, ruwan ya motsa da kifi.

"Ubana ya gwada mini nashi a Gaya shekara guda kamin shi rasu," in ji shi. "Ni ban da ɗa namiji. To, ka gani. Bakinka ƙanin ƙafarka."

Na ce to, Baba. Sannan na sa hannu a jakata na danna waya ta ajiye lambobin wurin. A cikin jaka na danna, ban fito da ita ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa rashin sani ne, amma wanda bai san yana laifi ba ai ba ya ɓoye hannu.

Malamina da ya ga abin kamar ya goya ni. Ya ce wannan ita ce zuciyar binciken, hikimar gargajiya da babu wanda ya taɓa rubutawa, dole ta hau taswira. Ƙa'idar jami'a ta ce a sakaya sunan wanda aka yi hira da shi, na bi ƙa'ida sau da ƙafa, Baba Audi ya zama masunci na sha huɗu. Gurbinsa kuwa na ɗiga masa jan ɗigo daidai wa daida, ko taku ɗaya bai kauce ba. Na ɓoye sunan da duk Treichville ta sani, na tona abin da mutum biyu kaɗai suka sani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa da takardar shaida ma. Ranar da na kare kundin aka yi ta tafi, mahaifina ya yanka rago, Baba Audi ya zo da kwandon bandar karfasa a kansa ya ce gudummawarsa ce.

Bayan wata takwas wani shiri na gyaran gaɓar ruwa ya ɗauki taswirata. Masu shirin sun yanke cewa rassan da ake nutsarwa suna tara laka suna tare hanyar jirage, don haka a tsame su duka. Suka tura jirgi mai ƙugiya. Aikin shekara talatin kwana biyu ya ɗauke su. Abin da ya rage na kifi, matasan masunta da suka ga inda jirgin ya tsaya suka bi da ƙananan raga suka share shi tas. Baba Audi ya gwada kafa wani, amma an hana saran itacen gaɓa, bayansa kuma ya daina ɗaukar dutse. Ya sayar da kwale-kwalen ya sayi wotoro. Kada in rage komai: wannan shirin ne ya ɗauke ni aiki, saboda taswirar ta burge su.

Shekara guda ban bi ta layin masu goro ba, alhali rumfar mahaifina na can. Juma'a ma na sauya masallaci. Kunya ta hana ni, kuma ina jin haushin kaina da har kunyar ta zama mini mafaka. Inna Tsahara ce ta ritsa ni a gbaka wata rana, da kwalin kifin ƙanƙara a cinyarta, don yanzu shi take saya ta banda. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce a gidan masunta ba a nuna gurbi don hira, wanda aka nuna wa shi ne magaji, shi zai ci da iyalin mai gurbi bayan ransa. Ta ce ranar da ya kai ni ya dawo gida yana murna, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ko ya mutu yau ta samu mai riƙe ta. Ta sauka a Arras ba ta jira amsata ba.

Washegari na je Adjamé. Na same shi da hantsi a kan gangaren da ke bayan masu atamfa, ya ɗora buhun albasa biyar, zufa ta jiƙe masa riga. Na durƙusa a tsakiyar hanya, mata masu tallar ayaba suna kewaye ni suna tsaki. Na tsara jawabi a gida, amma Hausata ta gudu ta bar ni. Na dai ce, Baba, ni ne. Ni na sa wurin a takarda.

Ya tokare amalanken da cinyarsa don kada ya gangara. Ya ce ya sani tun ranar da jirgin ya zo, don bai yi lalube ba, kai tsaye ya je ya tsaya a kai. Ya ce mutum biyu ne suka san wurin, shi kuwa bai iya rubutu ba. Na ce me ya sa bai faɗa wa mahaifina ba. Ya ce mi za shi ce, ya je ya kai ƙarar ɗansa? Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, cikin muryar da ake amsa gaisuwa. Sai ya dube ni da kyau.

"Takardar ga, ka ci jarrabawa da ita?"

"Na ci, Baba."

"Sun ba ka aiki?"

"Sun ba ni."

"To alhamdu lillahi, ba a yi hasara biyu ba. Tashi ka ba ni hanya, ɗana, mai albasa na jira."

Na kai hannu zan kama masa amalanken. Ya ce in bari, zan ɓata rigar ofis. Ya sunkuya ya tura, na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin mutane.