Salihu Mai Tanka

A Fagam ta ƙasar Gwaram, in ka tambayi gidan Saje Salihu za a ɗan yi jim. Sai ka ce Salihu mai tanka, nan take za a nuna maka rumfar da yake zama, inda yake kwance injinan ban ruwa na masu noman rani yana gyarawa. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, amma in ka zauna da shi zai faɗa maka da bakinsa cewa bai taɓa harbin kowa ba. Direba ne a sashen da ke kai wa dakaru abinci da ruwa da mai.

"Mutane sun ɗauka soja bindiga ce kawai," in ji shi. "Soja ciki ne, Malam. Ka hana shi ruwa kwana biyu, ka ga ko zai iya ɗaga bindigar."

Yana da shekara talatin da ɗoriya aka tura bataliyarsu Darfur aikin kiyaye zaman lafiya. Babban sito yana cikin gari, ƙananan sansanoni kuwa suna warwatse a daji. Nasa aikin shi ne ya cika tanka a rijiyar burtsatse, ya bi ayarin motoci zuwa wani sansani mai mutum ɗari da ashirin, tafiyar awa shida a cikin yashi, sau biyu a mako. An san litar da kowane soja zai sha, da ta girki, da ta alwala. In tankar ta makara kwana ɗaya, wanka ake fara hanawa.

A can ya haɗu da Kofur Ashiru, bakanike, mutumin Surko. Da jin maganar juna suka gane 'yan gida ne, daga ranar kuwa kwanonsu ɗaya. Ashiru gajere ne mai yawan barkwanci, hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai. Kayan gyara sai an rubuta takarda, ta bi ofis-ofis, wani lokacin wata uku kafin jirgi ya kawo. Saboda haka Ashiru ya tara matattun motoci a bayan gareji yana kiran wurin maƙabarta. Daga nan yake ciro abin da yake raya sauran.

Ranar da abin ya faru, damina ta fara, ruwa ya cika wata korama ya tare hanya har kwana huɗu. Sansanin ya aiko ta rediyo cewa sun koma raba ruwan sha rabin kofi-rabin kofi. Da ruwan ya janye aka tashi da mota biyar. Ana cikin tafiya, wajen azahar, tankar Salihu ta yi tari sau biyu ta mutu.

Ashiru ya buɗe ta, ya duba, ya tofar da yawu.

"Famfon mai ne. Ba ni da wani."

Hafsan da ke jagorantar ayarin ya tambaya ko za a iya jan ta. Ashiru ya ce da nauyin ruwan nan ba motar da za ta ja ta a yashi. Sai dai motar da ke ɗauke da shinkafa da wake irin injinsu ɗaya, yana iya cire nata ya ɗaura wa tankar. Hafsan ya ce ruwa ne gaba da abinci. Cikin awa ɗaya da rabi tanka ta tashi, motar abinci ta zama gawa a gefen hanya.

Dole a bar mutane tare da ita har a turo motar ja. Salihu ya ce shi zai tsaya, tunda tasa ce ta jawo.

"Kai ka san ramukan hanyar nan," in ji Ashiru. "In aka ba wani tankar zai kifar da ita. Tafi kawai, mutumin Gwaram. Ka ajiye mini ƙanzo."

Aka bar shi da sojoji biyu. Salihu ya sauke musu jarka biyu ta ruwa, ya hau ya ja. Sun isa sansanin da la'asar sakaliya, sojoji suka fito da bokitai suna sa masa albarka.

Washegari da hantsi suka dawo da motar ja. An kwashe buhunan, an cinna wa motar wuta. Su ukun suna kwance a bayanta, babu rai. Har yau Salihu bai san ko su waye suka yi ba.

Bayan wata biyar ya dawo gida hutu, shi aka ba jakar Ashiru ya kai Surko. Kaki kala biyu ne a ciki, da carbi, da wani yadin atamfa da ya saya wa mahaifiyarsa, Inna Batulu. Tsohuwar ta karɓi jakar ta ajiye gefe ba ta buɗe ba. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, ta tambayi mutanen gidansa. Can ta ce:

"Ɗan nan, an ce ƙasar babu ruwa. Ya samu ya sha kafin ya cika?"

"Na bar masa jarka biyu, Inna."

"To, alhamdu lillahi."

Gaskiya ya faɗa mata. Abin da bai faɗa ba shi ne ya tarar da jarkokin a cike, ko murfinsu ba a buɗe ba. Ga dukkan alamu ayarin bai yi nisa ba aka far musu.

Ya ƙara shekara shida a aiki, amma ya roƙa aka mai da shi sito, bai sake riƙe sitiyarin tanka ba. Da ya yi ritaya ya dawo Fagam. Matarsa Safiyatu ta ce mutumin da ya tafi mai hira ne, wanda ya dawo kuwa sai ya wuni bai yi magana goma ba. Duk kaka yakan ɗaura dawa a babur ya kai wa Inna Batulu, su zauna a inuwa, ba su cika tayar da zancen Ashiru ba.

Bara idonsa na hagu ya fara rufewa. Ya je asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a yi ƙoƙarin tsare na daman. Ya daina hawa babur. A watan da yake jinyar ne Inna Batulu ta rasu, labari bai iso masa ba sai bayan sadakar bakwai. Ya shiga motar haya ya je ya yi gaisuwa, jikokinta ba su gane shi ba sai da ya faɗi sunansa.

Yanzu da lalube yake gane yawancin ƙusoshin injin. Masu noman rani sun fara kai nasu Gwaram, amma akwai 'yan tsirarun da har yanzu suke kawo masa.