Hannun da Sjoerd Bai Tafa Ba

Ranar, tun da hantsi hadari ya fara haɗowa daga wajen teku, iska tana ɗauke da warin ruwa. Ciyawar da maƙwabcina Sjoerd Wiersma ya yanka wa shanunsa ta bushe a fili, kwasa kawai take jira.

Shekara arba'in muna katanga ɗaya da shi a ƙauyenmu na lardin Firislan, can ƙasar Turawa. Mutum ne mai taurin kai. Bai taɓa kai inji wurin makaniki ba, kuma ciniki a wurinsa sai an tafa hannu, yadda ake sayen saniya tun zamanin ubansa. Haka ya sayi tarakta daga Tjitske, matar marigayi Auke. Suka tafa, magana ta ƙare.

Wani ɗan ƙarfe ne ya lalace a injin taraktar da safiyar nan. Sjoerd ya canza shi da hannunsa. Sai taraktar ta ƙi tashi, allonta ya nuna an kulle.

Da azahar ma'aikacin kamfanin da ya ƙera taraktar ya iso, wani Ruud, takalminsa ko taɓo babu. Ina tsaye a ƙofar babban rumbun da Sjoerd ke ajiye kayan noma.

"Baba, ƙarfen naka ne, amma manhajar ciki tamu ce," in ji Ruud. "Sharaɗi ya ce mu kaɗai ke gyara. Kun yarda da haka."

"Ni da wa?"

"Mai ita na farko ya danna ya amince."

"Auke? Yana kwance a maƙabartar bayan coci, layi na uku. Je ka tashe shi ku yi maganar."

"Ba rigima na zo yi ba. Danna nan a allon ka amince kawai, in buɗe maka kafin ruwa."

Sjoerd ya miƙa masa tafin hannunsa, duk baƙin mai. "Dubi wannan da kyau, ɗan birni. Ya taɓa naka? Ya taɓa na ubangidanka? To ba mu yi ciniki ba. Ku ɓarayin zaune ne."

Na ce a hankali, "Sjoerd, ciyawar fa."

"Kai ma rufe mini baki, Douwe!"

Ruud ya naɗe wayar da ya jona wa taraktar, ya ce tsufa ba hauka ba ne, ya ja mota. Sjoerd ya bi shi da zagi har bakin gada. Ban ji ƙarshen zagin ba ruwa ya sauko. Kwana biyar yana zuba, ciyawar ta ruɓe a inda take. Da sanyi ya shigo abincin dabbobi ya kasa, ya sayar da shanu tara.

Da ni ne, da na danna, gaskiya. Na faɗa masa haka, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu Sjoerd yana gonarsa da sauran shanun, yana aiki da tsohuwar taraktar ubansa. Takardun rigimarsa da kamfanin suna hannun lauya a birni. Waccan taraktar kuwa tana cikin rumbu a kulle, kaji na ƙwai a kan kujerarta.